Lokacin Jama'a Amana Ne a Hannun Ikkilisiya

A daren 31 ga Disamba kusan kowace majami'a, daga Kafanchan zuwa Biu, daga Jos zuwa Maraɗi, takan cika maƙil, kuma da wuya a tashi ba a karanta Zabura 90 ba. Musa mutumin Allah ya ce kwanakinmu shekara 70 ne, in da ƙarfi 80, sa'an nan ya roƙi Ubangiji ya koya mana ƙidaya kwanakinmu domin mu sami zuciya mai hikima. Daga nan mai wa'azi yakan juya zuwa Afisawa 5:15-16, inda Bulus ya ce mu lura da tafiyarmu, mu ci moriyar kowane zarafi, gama kwanakin mugaye ne. Sai faɗa ya biyo baya: matasa ku ajiye waya, magidanta ku rage zaman majalisa, kowa ya tashi da asuba ya yi addu'a. Duk gaskiya ne, ba na musun ko ɗaya. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, cikin dukan waɗanda ake tuhuma da cinye lokacin Kirista, akwai ɗaya da ba a kiran sunanta daga mumbari, ita ce ikkilisiyar kanta.

Ba baƙo ne ke magana ba. A cikin ikkilisiya na tashi, a cikinta aka yi mini baftisma, ba ni kuma da wani gida da ya fi ta. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ganina sa'o'in da mutum ya kawo majami'a ba mallakar fasto ko dattawa ko kwamiti ba ne. Allah ne ya ba mutumin, shi kuma ya ɗebo daga ɗan abin da yake da shi ya kawo, kamar yadda yake kawo baiko. Kuɗin baiko muna ƙirga shi a gaban shaidu, a rubuta a littafi, ma'aji ya ba da rahoto, in wani abu ya ɓace a kira taro a kai. Lokacin jama'a kuwa babu mai ƙirgawa, babu mai ba da rahoto, kuma in ya salwanta babu ma'ajin da zai iya mayar da shi.

A duba makon wata 'yar'uwa, matar aure mai 'ya'ya, wadda take cikin Zumuntar Mata, take kuma cikin ƙungiyar mawaƙa. Ranakun sun bambanta daga ikkilisiya zuwa ikkilisiya, amma nauyin ɗaya ne. Ga addu'ar asuba, ga taron zumunta sau ɗaya ko sau biyu, ga koyon waƙa, ga addu'ar tsakiyar mako, ga nazarin Littafi Mai Tsarki, ga sharar majami'a. Asabar da wuya ta wuce babu ɗaurin aure ko jana'iza, matan zumunta ne kuma ke ɗora tukwane tun daren Juma'a. Lahadi ta fita da hantsi, ba za ta ga gida ba sai bayan azahar, da yamma a koma addu'ar unguwa. Wannan fa makon da babu wani sha'ani ke nan. In aka shiga makon mata, ko taron farkawa na kwana uku, ko taron gunduma, ko aka sa kwanan addu'a, sai dai ta yi haƙuri. Mako awa 168 ne ga kowa. A cikinsu ne za ta je kasuwa ko makarantar da take koyarwa, ta nemo ruwa, ta kai niƙa, ta yi girki da wanki, ta duba surukarta da ke kwance. Ranar da ta kasa zuwa ɗaya daga cikin tarurrukan nan za a rubuta sunanta cikin waɗanda ba su zo ba, a wasu wuraren har da tara, wata kuma ta ce ai ta fara sanyi a ruhaniya.

Yawan tarurrukan ma da sauƙi da a ce kowanne yana farawa a kan kari. An ce ƙarfe 9, ba za a fara ba sai 10 ta gota. An ce ɗaurin aure ƙarfe 10, amarya tana wurin kwalliya har 12. An ce taron dattawa ƙarfe 4, mutum uku suna zaune suna jiran sauran har magariba. Mun ma raɗa wa abin suna, wai lokacin Afirka, muna faɗa muna dariya. Ni ban ga abin dariya ba. In mutum 300 suka zauna jiran awa ɗaya, an ƙone awa 300 ke nan. A raba da awa 8 na yinin aiki, ya haura kwana 37 na aikin mutum guda, a zama ɗaya. Abin da ya fi ciwo kuma shi ne wanda ke shan horon. Wanda ya zo da wuri shi ke zaman jira, wanda ya makara shi ake yi wa maraba. In aka yi haka mako biyu, mako uku, mai zuwa da wuri zai gane karatun, shi ma ya fara makara. Da hannunmu muke koya wa masu aminci rashin aminci.

Sa'an nan, wa ake jira? Ban taɓa ganin an riƙe sujada domin gwauruwar da ke tahowa a ƙafa daga bayan gari ba. Babban baƙo ake jira, ko shugaban taro, ko ɗan siyasar da ake sa ran zai buɗe gidauniya da kuɗi mai kauri. Yaƙub sura 2 ta yi mana kashedi a kan ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, a ce wa matalauci ya tsaya can. Mu mun wuce nan, mun haɗa wa mai zoben har da sa'o'in matalaucin. Mai albashin ƙarshen wata zai iya zaman awa biyu bai yi asarar ko kwabo ba. Ɗan acaɓa, da mai tura baro, da matar da ke soya ƙosai da yamma, da lebura a wurin gini, su kam awa biyu abincin dare ne. Shari'ar Musa ta san irin waɗannan mutane, shi ya sa Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ce a biya ɗan ƙodago hakkinsa kafin rana ta faɗi, domin matalauci ne, a kan kuɗin nan ya sa ransa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai ya sa zuwa majami'a sau biyar a mako ya zama abin da iyali ke zama su yi shawara a kai. Wanda ya rufe shagonsa, ya biya keke napep ya zo, bai kamata a bar shi yana kallon kujerun gaba babu kowa ba.

Wani zai kawo 1 Korantiyawa 11:33, inda Bulus ya ce in an taru domin cin jibin a jira juna. A karanta surar duka. Waɗanda yake tsawata wa su ne masu hali, da ke riga cin nasu har wani ya bugu, su bar marasa komai da yunwa da kunya. Jiran da ya umarta domin kare matalauci ne. Namu kuwa matalaucin ne ke biyan kuɗinsa.

Muna zaune da maƙwabta Musulmi, muna ganin yadda suke yi da sallolinsu biyar. In lokaci ya yi ladan ya kira, liman ya tayar, ba a jiran attajirin unguwa. Wanda ya makara ya shiga sahun baya, ya rama abin da ya wuce shi. Su ma 'yan Afirka ne, rana ɗaya ke dukanmu, hanya ɗaya muke bi. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa makara ba a jininmu take ba. Mutumin da ke makara zuwa sujada shi ne ke isa tasha tun asuba in zai yi tafiya, shi ne ke kai ɗansa wurin jarrabawar JAMB kafin a buɗe ƙofa. Mun san abin da ba ya jiranmu, muna kuma ba shi girmansa.

Sai tsawon sujadar kanta. Ba ni da ja da sujada mai tsawo in Maganar Allah da addu'a ne suka tsawaita ta. Amma wata Lahadi a zauna da agogo a ga inda sa'o'in ke tafiya. Sanarwa takan ci rabin awa, har da karanta katunan gayyata ɗaya bayan ɗaya, abin da za a iya mannawa a allo ko a tura ta WhatsApp. Gabatar da baƙi, kowanne da jawabinsa. Ƙungiyoyi biyar ko shida, kowace da waƙa biyu, domin in an hana ɗaya za a yi fushi. Baiko iri-iri, na gini, na godiya, na bishara, kowanne da layinsa. Kafin mai wa'azi ya hau mumbari rana ta take, kwanon rufi ya ɗauki zafi, jarirai suna kuka, tsofaffi suna gyangyaɗi, mai ciwon sukari jikinsa ya fara rawa. Abin da aka zo dominsa shi ke samun ragowar hankalin mutane. Wannan ya fi damuna nesa da maganar agogo.

Akan ce ba a sa wa Ruhu Mai Tsarki agogo. Haka ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a taron da Allah ya ziyarci mutanensa ya san ba a duban lokaci a irin wannan rana. Amma Ruhun nan ne ya bi da Bulus ya rubuta 1 Korantiyawa 14, inda ya ƙayyade masu magana da harsuna su zama biyu, in sun yi yawa uku, bi da bi, annabawa ma biyu ko uku, ya rufe da cewa a yi kome da kyau bisa tsari. Akan kuma kawo garin Taruwasa, inda Bulus ya yi ta jawabi har tsakar dare. Luka ya faɗi dalilin a Ayyukan Manzanni 20:7, Bulus zai tashi kashegari. Daren ban kwana ne, ba tsarin kowace Lahadi ba.

Magabatan bangaskiya sun san haka. Wajen shekara ta 112, Filini, gwamnan Romawa a Bitiniya, ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa Kiristocin yankinsa sukan taru a wata rana ƙayyadajjiya kafin gari ya waye, su yi wa Almasihu waƙa, su yi alkawarin ba za su yi sata ko zina ko cin amana ba, su watse, daga baya su sake haɗuwa su ci abinci. A zamanin Lahadi ranar aiki ce, sai a 321 Sarki Kustantin ya mai da ita ranar hutu. A cikinsu akwai bayi da masu neman abincin yini, don haka taron ya bi halin da mutanen ke ciki. Benedik, wanda ya tsara rayuwar sufaye a Italiya a ƙarni na 6, almajiransa suna taruwa domin addu'a sau bakwai da rana, sau ɗaya da dare, amma shi ne ya rubuta cewa addu'ar cikin taro ta zama gajeriya. John Wesley a Ingila a ƙarni na 18 yakan yi wa'azi ƙarfe 5 na asuba, ma'aikata su ji kafin su tafi aiki, kuma cikin ƙa'idodin da ya ba masu wa'azinsa akwai cewa su yi kowane abu daidai a kan lokacinsa, kada su daɗe a wuri fiye da yadda ya wajaba. Babu mai cewa waɗannan ba su ƙaunaci addu'a ba.

A ƙauye maganar ta fi haka nauyi, domin damina ba ta jiran kowa. Manomin masara a Saminaka, mai citta a Kachia da Kwoi, mai dankalin Turawa a Bokkos da Mangu, mai gero a Tsibiri, kowannensu ya san in ruwan shuka ya sauka kwanaki kaɗan gare shi, in kuma noman firi ya wuce shi ciyawa ta ci gonar, sai baɗi. Duk da haka sai ka ga an sa taron kwana uku ko huɗu a tsakiyar Yuni ko Yuli, a gari mai nisa, a ce dole kowace ikkilisiya ta aiko da wakilai da gudummawa. Ga rani nan watanni a jere, mutane sun sami sarari, hanyoyi sun bushe, rumbu da hatsi. Me ya hana a kai manyan tarurruka can? In manomi ya rasa amfanin shekara, ikkilisiyar ce dai za ta zo bikin godiyar kaka ta tarar da buhuna kaɗan a gaban bagade, ita ce kuma za ta ji kukan kuɗin makaranta.

Inda abin ya fi yin ɓarna kuwa shi ne gida. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ce ka koya wa 'ya'yanka maganar Allah sa'ad da kake zaune a gida, da sa'ad da kake tafiya a hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Iyaye aka ba aikin, aikin kuma sai an zauna tare yake yiwuwa. Yaron da babansa dattijon ikkilisiya ne, mamarsa shugabar zumunta, yana iya yin mako bai ci tuwon dare tare da su ba. Wa ya duba littafinsa na makaranta? Wa ya san abokansa? Wa ya lura da ranar da ya fara dawowa ido jajir? Muna kuka tramol da sholisho da maganin tari sun cinye mana matasa, sai mu ƙara shirya wani taron addu'a a kai, wanda zai sake fitar da iyayen daga gida a daidai sa'ar da yaran ke bukatarsu. 1 Timoti 5:8 ta yi magana mai zafi a kan wanda bai kula da mutanen gidansa ba, ta ce ya musunci bangaskiya. Ban ga inda aikin kwamiti ya ɗauke wa mutum wannan nauyi ba. Haka ma wurin aiki. Kwanan addu'a yana da ranarsa, Yesu da kansa ya kwana yana addu'a kafin ya zaɓi sha biyun. Amma in ya zama na kowane mako, a tuna da nas da za ta karɓi aiki da safe, da direban da zai ɗauki fasinja zuwa Abuja. Allurar da aka yi daidai da motar da ta isa lafiya, bisa ga Kolosiyawa 3:23, su ma hidima ce ga Ubangiji.

Akwai abin da za a faɗa a ɗaya gefen, yana kuma da ƙarfi. Ga mutane da yawa majami'a ce kaɗai wurin da ake kiran sunansu da daraja. Gwauruwar da 'ya'yanta suka tafi birni, in ta koma gida bango za ta tarar. Waɗanda rikici ya koro daga Gwoza da Michika da Chibok, musamman 'yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, da har hedkwatarsu ta Kwarhi Boko Haram suka mamaye a watan Oktoban 2014, da yawansu cikin doguwar waƙa da doguwar addu'a tare da 'yan'uwa suka sami abin da ya riƙe hankalinsu. Wa zai tsaya a kansu da agogo? Ba ni ba. Matashin da ke koyon waƙa ko fareti da 'yan Birged, ƙungiyar matasan majami'a, da yamma, da ba ya nan wataƙila da yana wurin da ba a so. Sai dai abin da mutanen nan ke nema zumunci ne, a zauna da su, a saurare su, a ci abinci tare. Zaman jiran babban baƙo bai taɓa share hawayen gwauruwa ba. In aka rage abin da ba shi da amfani, lokacin zumuncin ne zai ƙaru. A tashi sujada a kan kari, mai uzuri ya tafi ba a harare shi ba, mai son zama ya zauna da 'yan'uwa a inuwa har yamma.

Kada kuma a ɗauka ina kira ne mu zama masu gaggawa da ba su da lokacin gaisuwa. Allah ya kiyaye. Doguwar gaisuwarmu, da zaman makoki, da dubiya a asibiti, da tsayawa a hanya a tambayi mutanen gida, ba ɓata lokaci ba ne, zumunta a ƙafa take. Yesu yana kan hanyar gidan Yayirus, yarinya tana bakin mutuwa, ya tsaya domin macen da ta shekara 12 tana zubar jini, ya saurari labarinta duka. Basamariyen nan ya ba wanda 'yan fashi suka ji wa rauni yininsa da darensa. Mutumin da kowace yammarsa ke da taro ba shi da sararin irin wannan tsayawa. Sau nawa muke wuce ƙofar maƙwabci marar lafiya da sauri domin kada mu makara koyon waƙa? Kirista yana bukatar sa'o'in da ba a rubuta komai a kansu ba, domin a cikinsu ne Allah kan aiko da mutumin da ba ya cikin tsarin kowa.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba duk sa'ar da ikkilisiya ta saki ce za ta tafi wurin iyali ko gona ba. Wasu za su kai ta Facebook da TikTok, wasu shagon cacar ƙwallo, wasu gidan burkutu. Wanda zai kalli wasa biyu a jere, kowanne minti 90, ba shi da bakin cewa wa'azin minti 40 ya yi tsawo. A ci gaba da wannan faɗa. Amma matashin da aka zaunar da shi awa biyu a majami'a, ba wanda ya ce masa ko yi haƙuri, me zai sa ya yarda cewa awa biyu abu ne mai tsada?

Matasanmu da yawa ma ba ƙarancin lokaci ke damunsu ba, yawansa ne. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata 8 cur ɗalibai suna gida. Ga waɗanda suka gama bautar ƙasa suna jiran aikin da bai zo ba. A ce wa irin wannan yaro ya yi amfani da lokacinsa, ba a ba shi abin yi ba, ƙarin nauyi ne kawai. Kakanninmu da yawa a ajin yamma na majami'a suka koyi karatu, da Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga cikakkensa a 1932. A Garkida, inda 'yan mishan Stover Kulp da Albert Helser suka fara aiki a 1923, makaranta da asibiti sun tashi tare da wa'azi. A Gindiri an horar da malamai, an buɗe makarantar makafi. A makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kwarhi ɗalibai sun koyi huɗa da shanu tare da tauhidi. A wancan zamani sa'ar da mutum ya kai majami'a takan bi shi gida da wani abu a hannu. Yau a kowace ikkilisiyar gari akwai tela, da kafinta, da makanike, da mai gyaran waya, da malamin lissafi da ya yi ritaya, ga ɗakunan makarantar Lahadi a kulle daga Litinin zuwa Asabar. Yamma ɗaya da aka karɓo daga taron da ba dole ba, aka ba waɗannan su koyar, a wurina aikin Ubangiji ne cikakke.

Hutu kuma mun manta cewa umarni ne. Dokar Asabar cewa ta yi a huta, kai da ɗanka da 'yarka da baranka da dabbarka da baƙonka, Fitowa 34:21 ta ƙara da cewa ko lokacin huɗa da girbi ne a huta. Wato manomin da na ce a bar masa kwanakin aikinsa, Allah ya riga ya ware masa ranar hutunsa, kada mu cinye masa duka biyun. Ga matanmu da yawa Lahadi ce ranar da ta fi kowace gajiya. Baba Fasto kuwa ba shi da ranar hutu sam. Shi ne mai wa'azi, shi ne mai sasanta rigimar aure, shi ne mai kai marar lafiya asibiti, shi ne shugaban kowane kwamiti, wayarsa ba ta mutuwa ko tsakar dare. Yetro, surukin Musa, ya gan shi a wannan hali, jama'a tsaye kewaye da shi tun safe har yamma, ya ce masa abin da kake yi ba shi da kyau, za ka gajiyar da kanka da mutanen nan. Har da mutanen, ya ce, domin gajiyar shugaba da zaman jiran jama'a tushensu ɗaya. Faston da aka bar masa safiyar nazari zai hau mumbari da abin faɗa, wanda ya shirya kuma ba ya bukatar dogon zagaye kafin ya kai ga magana.

Gyaran nan ba ya bukatar kuɗi ko izinin hedkwata. Majalisar dattawa tana iya yanke shawara a zama ɗaya cewa ƙarfe 9 ƙarfe 9 ce, ko da mutum goma ne a ciki, ko da babban baƙo yana hanya. In ya iso a ba shi kujera cikin girmamawa, sujada ta ci gaba. Za a yi gunaguni na 'yan makonni, daga nan mutane su saba. Ƙungiyoyi su riƙa waƙa bi da bi. A riƙa faɗin lokacin tashi kamar yadda ake faɗin na farawa, musamman a jana'iza, inda iyalin mamaci da suka kwana ba barci ke zaune suna sauraron jawabin mutanen da ba su ma san shi sosai ba. A ware aƙalla yamma biyu a mako da babu taron kowace ƙungiya, a sanar daga mumbari cewa na iyali ne da maƙwabta.

Kafin a buga kalandar shekara kuma, a nemi bakin waɗanda za su ɗauki nauyinta. A yawancin majami'un da na shiga mata ne suka fi yawa a kujeru, amma da wuya ka same su a ɗakin da ake tsara ta. In aka tambaye su cikin taro, a gaban fasto da dattawa, ko tarurrukan sun yi yawa, za su ce a'a Baba, ai aikin Ubangiji ne, domin kunya da ladabi ba za su bari su faɗi wani abu dabam ba. Sai a aiki matar fasto, ko wata dattijuwa da suka amince da ita, ta bi su gida-gida ta tambaye su ƙarfe nawa suka kwanta jiya, wa ya zauna da yara, wane taro ne kuma in aka ɗauke shi ba za su yi kewarsa ba. Abin da ta dawo da shi a karanta a gaban majalisa kafin a sa hannu.